Tukunya Biyu a Tsakar Gidan Kalem

A duk mutanen da ke aiki a Kalem babu wanda ya tsani taro kamar Obrad.

Kalem tsohuwar masaƙa ce a gefen birnin Niš. Da injinan suka mutu aka kwashe su, sai masu zane da masu ɗaukar hoto da maginan tukwane da masu rubutun talla suka cika zauren, kowa da teburinsa, ana shan gahawa daga buta ɗaya, ana sace wa juna madara a firji. Teburin Obrad yana can ƙurya bayan wani ginshiƙi, ya zaɓe shi ne don kada mai shigowa ya hango shi ya ce masa ina kwana. Sana'arsa zana haruffa. Yakan share makonni yana gyara wutsiyar harafi ɗaya, ya ƙara mata kauri da safe, ya rage da yamma, ya koma gida a gajiye kamar wanda ya wuni yana dako.

Mai kula da gidan kuwa, Kosara, ba ta iya ganin mutum biyu a zaune ba ta haɗa su a wani shiri ba. Yau a shimfiɗa tabarmi a miƙe jiki, gobe kowa ya zo da abincin da ya dafa. Akwai ma wani zama na ƙarshen wata da mutum zai tashi ya ba da labarin yadda ya gaza a rayuwa, a tafa masa. Obrad ya ce shi idan zai gaza a ɓoye yake gazawa, kamar mai mutunci.

Da kaka ta shigo, kowane tsakar gida a unguwar ya tashi da hayaƙin gashin tattasai, sai Kosara ta tara jama'a a ɗakin girki ta ce bana Kalem ma zai yi nasa ajvar. A gasa tattasai, a ɓare, a markaɗa, a soya a babbar tukunya, kowa ya tafi da kwalbarsa ta cin burodi da hunturu.

"Mu koma tushe," in ji ta, ta dafa ƙirji. "Mu taɓa abu da hannunmu."

Obrad wanke kofi kawai ya shigo yi. Da ya wanke ya fita da ya tsira. Amma sai Gavrilo ya buɗe baki. Gavrilo ɗan fim ne, yana shirya wani fim a kan gadoji wanda har yau ba wanda ya ga ko gada ɗaya a ciki. Ya ce ai abin ba wuya, ya gani a waya, a jefa tattasan a tandar lantarki, a zuba a injin markaɗe, kafin azahar an gama.

Obrad ya ajiye kofin.

"Tandar lantarki? Ku dai ku ce kunun jarirai za ku dama. A garinmu macen da ta gasa tattasai da lantarki ko gaisuwar mutuwa ba a zuwa mata. Itace ake sawa, da murhun ƙarfe, da muciya mai tsawon mutum. Ni a cikin tattasai aka haife ni. Bangon gidanmu da kaka ba ka ganin fentinsa, ja ne tun daga rufi har ƙasa."

Ya ga idon Kosara ya kawo haske, nan take ya sha jinin jikinsa.

"Ashe da gwani muke zaune ba mu sani ba! Asabar, Obrad, kai ne shugaba."

Aka tafa. Gavrilo ya fi kowa tafawa, yana wani murmushi na mugunta.

Duk abin da Obrad ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya bar rabi. A ƙauyensu na kudancin Leskovac an yi ajvar a gabansa duk shekarar ƙuruciyarsa, amma bai taɓa riƙe muciya ba. Shi kaɗai ne ɗa, uwarsa ta ce hayaƙi ba ya yi wa ƙirjinsa kyau. Aikinsa ya zauna a kan katanga da gutsuren burodi yana jiran a ba shi tukunya ya suɗe.

Da ya koma gida ya kira uwar tasa a waya.

"Mama, tambaya ce kawai. Ajvar, gishiri nawa ake sawa?"

"Aure ka yi ban sani ba?"

"A wurin aiki za mu yi."

"Ku wa?"

"Ni da abokan aikina."



"Waɗannan masu yagaggen wandon?"

"Mama, gishirin kawai."

"Ana sa shi yadda ya kamata. Yaushe ne?"

"Asabar. Amma ban ce ki..."

Ta riga ta kashe.

Ranar Asabar da hantsi tsakar gidan Kalem ya cika da buhunan tattasai da mutanen da ke ɗaukar buhunan hoto. Obrad yana tsaye da itace a hannu yana nazarin ta inda ake fara hura wuta, sai ga wata tsohuwar motar kaya ta shigo da baya. Maƙwabcinsu na ƙauye ne ke tuƙi. Uwarsa Zorka ta diro da baƙin ɗankwalinta, wanda ba ta cire ba tun rasuwar mijinta Vidoje a hunturun bara. Bayanta aka sauke murhun ƙarfe, da tukunya mai faɗin da za a yi wa yaro wanka a ciki, da muciya, da kujerarta 'yar tsugunne.

Ta sumbaci ɗanta, ta ja kumatunsa, ta ce ya yi fari kamar wanda aka ajiye a rijiya. Sannan ta dubi Kosara sama da ƙasa.

"Ke ce yarinyar tasa?"

"A'a, teta Zorka, ni ce mai kula da wurin," in ji Kosara, tana ce mata teta, wato gwaggo.

"To ki fara kula da kanki, 'yar nan, iska za ta ɗauke ki."

Ta leƙa zauren, ta gano teburin ɗanta ba tare da an nuna mata ba, ta tsaya gaban ƙaton harafin da ya manna a bango.

"Har yanzu kana kan wannan? Tun Ista na gan shi. Ni a ajin farko na gama da shi, ban sake waiwayarsa ba."

Ba a gama kafa murhu ba sai ga tasi. Wata dattijuwa ta fito da jan baki da takalmi mai tsini, Gavrilo ya ruga ya karɓi jakarta. Ashe shi ma ya kira tasa uwar, Smilja, don kada Obrad ya wuni yana yi masa sarauta. Direba ya buɗe bayan mota ya sauke buhu.

Matan biyu suka gaisa, sumba uku a kumatu, kowacce na auna 'yar'uwarta ta gefen ido.

"Wannan buhun fa, 'yar'uwa?" in ji Zorka.

"Baƙin yalo."

"Na me?"

"Na ajvar mana."

Zorka ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Allah ya kiyaye. Mu a wurinmu sai wanda tattasansa ya ƙare yake cika tukunya da yalo, shi ma a ɓoye, kada maƙwabta su ji."

"Mu kuma a birni," in ji Smilja cikin sanyin murya, "mun san abinci ba hukunci ba ne. Yalo ke sa shi laushi. Haka kakata ta yi, kuma likitoci sun ci a teburinta."

"Shi ya sa suka zama likitoci, sun ga abin da ya yi wa mutane."

Kosara ta shiga tsakani da fara'arta. Ta ce ga ra'ayi biyu masu kyau, me zai hana a zauna a da'ira kowa ya faɗi yadda yake ji a ransa? Matan suka zuba mata ido har sai da ta tuna akwai itacen da ba a shigo da shi ba.

Haka tsakar gidan ya rabu biyu. Aka aro wata tukunyar a gidan abincin da ke kusa, aka kafa murhu na biyu a gindin katanga. Masu ɗaukar hoto suka bi Gavrilo, maginan tukwane suka bi Obrad, masu rubutun talla suka tsaya suna jiran su ga inda nasara ta karkata. Abin da ya ba Obrad mamaki shi ne kansa. Shi da ko zaɓe ba ya fita, sai ga shi yana ɗaga murya ta saman buhuna.

"Gavrilo! Idan kun gama miyar yalonku ku rubuta mata suna, kada wani ya ci ya ce a Kalem aka cuce shi!"

"Kai dai ka kula da wutsiyarka!" in ji Gavrilo.

Gashin ya tafi da rabin wuni. Sannan aka zauna ɓara. Fatar gasasshen tattasai ba ta fita da gaggawa, sai ka bi ta a hankali, hannu ya yi baƙi ya yi santsi har gwiwa. Ba mai iya taɓa waya. Mutanen da suka shekara suna gaisawa da ka kawai suka samu kansu gwiwa da gwiwa a kan bokiti, ba abin yi sai magana, ga kuma iyaye mata biyu da ba su san tambayar da ba a yi ba. Kafin a gama buhun farko Zorka ta san wanda matarsa ta bar shi, da wanda yake kwana a zauren don ya yi faɗa da mai gidan haya, da wadda ke da ciki ba ta faɗa wa kowa ba.

Ta juya kan Isidora, wadda tukwanenta suka je baje koli har ƙasar waje.

"Tukwanen naki ana girki da su?"

"A'a, teta, na kallo ne."

"Ruwa fa, suna riƙewa?"

"Wasu ba su da gindi ma."

"Allah sarki. Kada ki karaya, 'yar nan, a hankali za ki iya."

Da rana ta karkata aka ɗora tukwane. Zorka ta kafa kujerarta kusa da murhu, ta miƙa wa ɗanta muciya, ta fara mulki.

"Daga ƙasa! Ba shafa kan kyanwa kake yi ba. Mai! Ku ƙara mai! Ke, rage itacen nan!"

Markaɗen ya fara tafasa yana tsartuwa, kowane ɗigo ya sauka a hannun Obrad kamar an ɗiga masa dalma. Gumi ya jiƙa masa riga, kafaɗarsa ta fara kuka. Jama'arsa sun ja baya suna ba shi ƙarfin gwiwa daga nesa. Ya daure, ya juya, ya juya, har jan ya fara duhu.

"Mama, gishirin yanzu ne?"

Zorka ta juya kanta hagu, wajen da ba kowa.

"Vidoje, ɗanɗana ka..."

Ta tsaya. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce hayaƙin itacen birni ba shi da kyau, yana shiga ido.

Obrad ya bi wurin da ta kalla da ido, sai tsakar gidansu ya dawo masa. Ga uwarsa a kan wannan kujerar tana ba da umarni, murya har bakin hanya. Ga ubansa a tsaye da muciya, hularsa a keya, ba ya cewa uffan. Shi ke gasawa, shi ke juyawa, shi ke lakata da yatsa ya ɗanɗana ya watsa gishiri. Idan an gama, maƙwabta su zo su ce kai, ajvar ɗin Zorka babu irinsa a ƙauyen nan, ita kuma ta ce ai sai da haƙuri.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Mama. Ba ki san nawa ake sawa ba, ko?"

"Rufe min baki. Na san komai. Hannun ne dai ba nawa ba."

"To me ya sa kika taho da murhu tun daga ƙauye?"

"Kai ka kira ni." Ta ci gaba da kallon wutar. "Yaushe rabon da ka tambaye ni wani abu ban da ya jiki? Bana ban yi ba. Murhun yana rumfa, kaji na kwana a kai. Da hayaƙin maƙwabta ya fara shigowa sai na rufe taga."

Obrad ya ɗora hannu a kafaɗarta, ta bar shi ya ɗora. Sun ɗan jima a haka.

Sai ta ɗaga hanci.

"Wa ke juyawa?"

Ba kowa. Muciya na jingine a bakin tukunya, ƙauri na tasowa daga ƙasa.

"Kada ka kankara!" ta ce da ƙaramar murya, ta fizge itace biyu daga wuta. "Ka yi kamar kana juyawa, a sama-sama. Ka yi murmushi, suna kallo."

Yana cikin murmushin dole sai ga Smilja ta tsallako, wai aron ludayi ta zo. Jan bakinta ya goge, idonta ya yi ja. Ta shaƙi iska sau ɗaya ta gane. Zorka ma ta dubi fuskarta ta gane akwai magana.

"Ya kama?" in ji Smilja.

"Kaɗan, a ƙasa. Naki fa?"

Smilja ta waiwaya, ta rage murya.

"Na sa gishiri. Ɗan nan nawa ya zo ya sa, don ya nuna ya iya. Yarinyar nan Kosara ta ga ba a ba ta aiki ba, ita ma ta taimaka. Yanzu ko akuya ta lasa sai ta nemi rijiya."

"Nawa ko ƙwaya babu."

Suka dubi juna. Obrad ya ga lokacin da tunanin ya sauka a kansu tare, ya kuma ga yadda uwarsa ta runtse ido kamar mai shirin haɗiye magani.

Zorka ta miƙe ta tafa hannu.

"Kosara, 'yar albarka! Wannan da'irar da kika ce ɗazu, yanzu ne lokacinta. Ajvar ba ya son ido idan ya kusa nuna. Kwashe su duka ku shiga ciki, kowa ya faɗi yadda yake ji. Kada wanda ya fito sai ya faɗi nasa duka."

Kosara ta kusa kuka don murna. Ta tattara jama'a ta kora su zaure ta rufe ƙofa.

Aka bar uwa biyu da 'ya'ya biyu. Obrad da Gavrilo suka naɗe hannu da tsumma, suka ɗauko tukwanen suna nishi suna zagin juna a hankali, suka kai su bayan tarin itace. Aka kwashe saman na Zorka da ludayi, ba a taɓa baƙin ƙasan ba, aka zuba cikin na Smilja. Aka juya har tattasai da yalo suka zama abu ɗaya.

"Ki ɗanɗana, Mama," in ji Gavrilo. "Ke kika san yadda namu na gida yake fita."

Smilja ta gyara gashinta.

"Namu na gida wata mata ce ke yi a kasuwa."

Gavrilo ya saki baki.

"Duk shekarun nan? Kakarki fa? Likitocin fa?"

"Kwalaben dai nawa ne. Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Zorka ta fashe da dariya, irin wadda Obrad bai ji ba tun kafin jana'iza, har sai da ta dafa Smilja don kada ta faɗi. A ƙarshe shi aka miƙa wa cokali. Ya lakata, ya hura, ya sa a baki. Da ɗan ƙauri can nesa, gishirin ya zauna, yalon ya yi laushinsa. Bai kai na ubansa ba, ko kusa. Amma ana ci.

Suka sake aro wata tukunya a gidan abincin, suka raba haɗin gida biyu, kowa ya mayar da nasa kan murhunsa. Mai ƙonannen gindin aka kifa ta a bayan itace aka rufe da buhu.

Da jama'a suka fito, wasu ido ya kumbura don an faɗi yadda ake ji sosai, Kosara ta yanka burodi ta ce a ɗanɗana duka biyun a faɗi gaskiya. Nan fa gardama ta tashi. Ɓangaren Obrad suka rantse nasu ya fi zaƙi, tattasai zalla ba algus. Isidora ta ɗanɗani na can ta yatsina fuska, ta ce ɗacin yalon har maƙogwaro. Wani mai ɗaukar hoto ya ce na Zorka ya yi nauyi, na Smilja kuwa yana da wani sirri da harshen ƙauye ba zai gane ba. Masu rubutun talla suka ci daga nan suka ci daga can, suka ce kowanne da kasuwarsa. Iyayen biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa da ƙananan kofunan giyar gida, kowacce na karɓar yabon nata da sunkuyar da kai.

"Obrad, kai ba ka ce komai ba," in ji Kosara.

"Bakina cike yake," ya ce, ya ƙara cusa burodi.

Da maƙwabcin ya dawo da mota kafin faɗuwar rana, Zorka ta ce ya tafi, bayanta ba zai ɗauki hanya yau ba. Obrad ya fara lissafin inda zai shimfiɗa mata a ɗan ɗakinsa, sai ta ce kada ya wahalar da kansa, Smilja na da gado na biyu, kuma akwai maganar da ba su gama ba. Kwana ɗayan ya zama mako. Daga nan ta koma ƙauye ta ba maƙwabta amanar kaji, ta riƙa shigowa birni a bas duk bayan 'yan kwanaki.

Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka, Kosara ta ba su wani lungu kusa da na'urar ɗumama ɗaki, suka buɗe ajin saƙar safa. Ajin ya cika har ana jiran layi, ba don safar ba, don hirar. A kan dunduniya suka sake rabuwa, Zorka ta ce daga sama ake sauko mata, Smilja ta ce wannan saƙar mutanen da ce, yanzu daga yatsu ake farawa. Ɗalibai suka rabu biyu, aka daina aron allura tsakanin ɓangarorin.

Ranar bikin tunawa da sunan Obrad, irin wanda ake yi duk shekara, suka ba shi kyautar safa, kowacce ta saƙa ƙafa ɗaya. Suka tsaya a kansa sai ya gwada a gabansu.

"Wacce ce taki, Mama?"

"Mai kyan."

Ya dubi ƙafafunsa. Ɗaya ta matse shi har yatsunsa sun hau juna, ɗayar kuma ana iya zuba dankali a ciki. Ya ce duka sun yi, ya tura ƙafa cikin takalmi, ya ɗingisa ya koma bakin aiki.